Me ya sa hatsi ke arha a kaka, ya yi tsada da damina?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni manomi ne a wani gari na yankin Madarumfa. Bara da kaka na sayar da hatsina tiya a kan sefa 400 saboda bashi da hidimar iyali, amma da damina ta tsaya, rumbu ya ƙare, sai ga ni a kasuwa ina sayen tiyar nan a kan 800. Wasu na cewa 'yan kasuwa ne ke ɓoye hatsi don su matsa wa talaka, wasu na cewa laifin masu kai shi Najeriya ne, wasu kuma na cewa gwamnati ta ƙayyade farashi kowa ya huta. Don Allah a fahimtar da ni: wa ke sa farashi, kuma me mutum irina zai yi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da kake tambaya shi ne yadda aka yi hatsi guda, a tiya guda, a kasuwa guda, ya ninka kuɗinsa cikin wata takwas ko tara, da kuma ko akwai wanda za a kama da laifi. Na yi shekaru ina bin kasuwannin hatsi na jihar Maraɗi da littafi da alƙalami, ina rubuta kuɗin tiya ranar kasuwa, kafin daga baya na koma koyar da ilmin tattalin arziki, kuma ban taɓa shiga garin da ba a yi mini irin wannan ƙorafi ba. Zan amsa maka da abin da ilmin ya tanada da kuma abin da idona ya gani.

Wa ke sa farashi

Masana suna kallon kowace kasuwa ta fuska biyu. Fuska ta farko ita ce kawowa, wato yawan kayan da masu shi suke shirye su sallama a kowane farashi. In kuɗi ya yi kyau ana fito da kaya da yawa, in ya lalace wanda yake da halin jira sai ya mai da kayansa gida. Fuska ta biyu ita ce nema, wato yawan kayan da mutane suke so kuma suke da kuɗin saye a kowane farashi. Ka lura da sharaɗin kuɗin nan, domin a kansa mutane da yawa ke tuntuɓe: buƙata daban, nema daban. Magidancin da iyalinsa suka kwana da yunwa yana da buƙatar hatsi fiye da kowa, amma in aljihunsa babu ko dala, kasuwa ba ta san da shi ba, kuma buƙatarsa ba ta motsa farashi ko kaɗan.

Farashin ranar kasuwa yana tsayawa ne a inda abin da aka kawo da abin da ake nema suka yi daidai. In masu kaya suka kafe a sama da haka, la'asar za ta yi kaya na jibge, sai ka ji wanda ya ce albarka da safe yana kiran mai taya ya dawo. In kuma aka fara a ƙasa da haka, kafin azahar an wawashe kayan, wanda ya zo a makare shi da kansa zai ƙara kuɗi don a sallama masa. Wani masanin Ingila, Alfred Marshall, wanda littafinsa na tattalin arziki ya fito a 1890, ya kwatanta wannan da almakashi: ba a tambayar ko bakin sama ne ya yanka ƙyalle ko na ƙasa. Saboda haka amsar tambayarka ta farko ita ce, a kasuwar da masu saye da masu sayarwa suke da yawa, babu mutum ɗaya da ke sa farashi, ko da kuwa dillali ne kake jin yana faɗarsa da baki.

Kaka da damina

Ruwanmu na wata uku zuwa huɗu ne, daga wajajen Yuni zuwa Satumba, kuma abincin shekara guda yana zuwa hannu ne cikin 'yan makonni. A daidai wannan lokaci ne dukkan buƙatun kuɗi ke taruwa a kan manomi: mai bashi da ya yi haƙuri tun shuka ya zo ƙofar gida, yara za su koma makaranta a Oktoba, an ajiye aure sai bayan girbi, samari na neman kuɗin mota su tafi cin rani. Abin da ya same ka ya sami maƙwabcinka, ya sami mutanen garin da ke gaba, don haka kowa ya ɗora buhu a amalanke a rana guda. Hausawa suka ce kasuwa a kai miki dole, kuma mai kai kaya dole ba ya da bakin cewa albarka.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, a lokacin da kawowa ta cika ta batse, nema kuma yana ja baya, domin mutanen karkara, waɗanda su ne mafi yawan masu cin hatsi, kowa na ci daga rumbunsa. Da damina sai al'amarin ya juye gaba ɗaya. Wanda ya sayar a kaka shi ne ya dawo mai saye, kayan da ke hannun mutane sun ragu, wasu hanyoyin ƙauye sun lalace da ruwa har kuɗin dako ya ƙaru, sannan wanda yake da sauran hatsi a rumbu ba zai fitar ba sai ya ga yadda shuka ta kama. Kai da ire-irenku kuna cikin masu kawowa a watan da kaya suka yi yawa, kuna cikin masu nema a watan da suka yi ƙaranci, wato kuna taimakawa wajen karya farashi a lokacin da kuke sayarwa, kuna taimakawa wajen ɗaga shi a lokacin da kuke saye. Ban faɗi haka don in ɗora maka laifi ba. Wanda ba shi da zaɓin ranar sayarwa ba a zarginsa da sayarwa.

Dalilin da tashin ke yin tsanani

Za ka iya cewa hatsin da ke ƙasa bai ragu da rabi ba, to don me kuɗi zai ninka? Nan ne wurin da ya fi cancantar a tsaya. Kayayyaki sun bambanta wajen yadda masu saye ke ja da baya in sun yi tsada. In kuɗin atamfa ko lemon kwalba ya ƙaru, mutane da yawa za su haƙura, kuma haƙurin nan nasu shi ne ke hana farashin wuce gona da iri. Hatsi ba haka yake ba. Gidan da ke auna tiya biyu kullum ba zai koma rabin tiya don kuɗi ya ƙaru ba, sai dai ya sayar da akuya, ya ci bashi, ko maigida ya bar gonarsa ya je ƙwadago a ta wani. Wannan shi nake kira taurin nema idan ina koyarwa. Tunda masu saye ba sa ja da baya da sauƙi, dole farashi ya yi tsalle mai nisa kafin a sami isassun mutanen da za su rage ci har abin da ake nema ya yi daidai da ɗan abin da ke akwai. Kuma kowa ya san su wa ake fara turewa daga layin masu saye.

Wannan ba sabon ilmi ba ne. Tun ƙarshen ƙarni na 17 akwai wani lissafi da ake dangantawa ga Gregory King na Ingila, wanda ya nuna cewa in amfanin gona ya ragu da kashi 1 cikin 10, kuɗinsa kan ƙaru da kashi 3 cikin 10, in kuma ya ragu da kashi 2, ƙarin kan kai kashi 8. Alƙaluman na ƙasarsu ne da zamaninsu, amma siffar abin ita ce muke gani a nan: ƙaramin giɓi, babban tashi.

Mutanen Maraɗi ba sa buƙatar a je Ingila don a nuna musu haka. Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, fara kuma ta yi ɓarna a wasu yankuna, sai ga shi a tsakiyar 2005 buhun hatsi mai kilo 100 ya kai wajajen jaka 30, wato sefa dubu 30, a kasuwanni da dama, kuɗin da a wancan lokaci ba a saba jin irinsa ba. Abin da ba na mantawa shi ne hatsi bai ɓace daga kasuwa ba. Buhuna na nan a jere, amma kuɗin dabbobi ya faɗi saboda rashin ciyawa da kuma yadda kowa ya fito da tasa a lokaci guda, har akuyar da a da take sayen hatsin makonni ta koma sayen na 'yan kwanaki. Jihar da ake kira rumbun ƙasa ita ce ta cika da yara masu tamowa. Masanin nan ɗan Indiya, Amartya Sen, wanda ya yi nazarin yunwar Bengal ta 1943, ya riga ya bayyana cewa ana iya yunwa alhali abinci na kasuwa, idan abin da talaka ke musanyawa da abinci, ƙarfinsa ne ko dabbarsa, ya rasa daraja. Shi ya sa idan ina rubuta farashi ba na tsayawa ga kuɗin tiya kaɗai, nakan tambayi kuɗin akuya da ladan ƙwadagon yini, domin su ne ke nuna tiya nawa mutum zai iya kai wa gida.

Batun Najeriya

Kasuwar Maraɗi ba ta ƙare a Ɗan Isa, garin bakin iyaka, ba. Ta haɗe da Jibiya da Katsina har zuwa Dawanau ta Kano, kuma kaya na bin inda kuɗi ya fi, kamar yadda ruwan gulbi ke bin gangare. Masu cewa ana kwashe hatsinmu zuwa can suna da gaskiya a wasu shekaru, sai dai hanyar nan biyu ce: wake da dabbobi sun fi tafiya kudu, masara da dawa da shi kansa hatsin, wato gero, kuma sun sha shigowa daga can su cike mana giɓi, musamman da damina. Wanda ke karkatar da akalar shi ne canjin naira. Sefa tana ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, naira kuwa tana hawa da sauka, don haka in naira ta faɗi, kamar yadda ta yi a 2016 da kuma daga 2023, kayan Najeriya kan yi wa mai sefa arha, amma mai kai shanu da raguna can ya dawo yana ƙirga asara.

Mun ga abin da rufe wannan hanya ke haifarwa lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma lokacin takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023. Kaya ba su daina wucewa gaba ɗaya ba, sun koma bin daji a kan babura, kuma kuɗin wannan wahala mai saye ne ya biya. Haka nan da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a ƙarshen Mayu 2023, man 'yan ruwa-ruwa ya yi tsada, kuɗin dako ya bi shi, tiya kuma ta bi kuɗin dako. Game da hana fitar da hatsi waje, ra'ayina shi ne yana iya sassauta wa mai saye a birni na ɗan lokaci, amma ka tuna kai ma mai sayarwa ne a kaka, kuma duk mai sayen da aka kora daga kasuwar garinku ranar da ka kai buhunka, tayinsa ne aka rage maka.

Ajiya da ɓoyo

Mu zo kan ɗan kasuwa. Hatsin da ka saya da damina a kan 800 wani ne ya ajiye shi tun kaka, kuma da babu wanda ya ajiye, da ba ka same shi ko a kan 800 ɗin ba. Ajiya aiki ce mai cin kuɗi. Bari in yi maka misali da alƙalumanka. Buhu yana ɗaukar wajajen tiya 40, don haka a kan 400 ya tashi jaka 16. Mai saye zai biya kuɗin buhun kansa, da ladan mai awo da ɗan dako, da kuɗin mota zuwa Maraɗi, da hayar mangaza da mai gadi na wata takwas, sannan ɓera da ƙwari da bushewa za su ɗauki rabonsu. Bayan wannan akwai abin da ba a gani a rubuce: jakar nan 16 ta kwanta wata takwas, alhali da ya sa ta a sukari ko shinkafa da ya juya ta sau da yawa. Akwai kuma kasada, domin ba kowace shekara ce farashi ke tashi ba. Na san ɗan kasuwar da ya cika mangaza da tsada yana jiran damina, sai masara mai arha ta kwararo daga kudu, shuka kuma ta yi kyau, ya ƙare da sayarwa ƙasa da yadda ya saya. Ba a cika ba da labarin irin wannan shekara a majalisa ba.

Duk da haka ba zan wanke 'yan kasuwa tas ba. A shekarar da ka ba da labari, tazarar da ke tsakanin jaka 16 da jaka 32 ta fi ƙarfin kuɗin ajiya nesa ba kusa ba, kuma riba mai kauri ta shiga aljihun wanda ya iya jira. Abin tambaya shi ne me ya hana wasu su shiga su yi ajiyar su ma, har gasa ta rage ribar, kuma amsar ita ce jari: masu kuɗin da za su kwantar wata takwas kaɗan ne. Inda na ga zalunci ƙarara kuwa shi ne a ƙananan kasuwannin da masu saye biyu ko uku ne kawai ke zuwa da mota, su haɗa baki a kan tayi guda, da kuma bashin damina da ake biya da hatsi a kaka bisa kuɗin da mai ba da bashin ya yanka tun shuka ba ta yi kai ba. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya yi hani ga ɓoye abinci, kuma malaman fiƙihu sun bambanta wanda ya ajiye a lokacin yalwa da wanda ya kwashe kaya a lokacin ƙunci ya riƙe don mutane su galabaita. Ilmin tattalin arziki ma a nan ya ja layinsa: na farko yana ɗauke hatsi daga watan da ya yi yawa zuwa watan da ya yi ƙaranci, na biyu kuwa shi ke ƙirƙirar ƙarancin.

Wayar salula ta rage wa masu haɗa baki ƙarfi. Binciken da Jenny Aker ta yi a kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006 ya nuna cewa shigowar waya ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Kafin ka ɗora buhu a amalanke, kira wanda ka sani a Maraɗi ko Tsibiri ka ji yadda aka tashi.

Yadda gida ke zaɓe

Ɓangaren nema yana farawa ne daga kuɗin cefane. Uwargida da aka miƙa wa kuɗin yini tana yin lissafin da littattafai ke cika shafuka da shi, ko da ba ta taɓa shiga aji ba: tana raba kuɗin ne ta yadda dalar ƙarshe da ta sa a hatsi da wadda ta sa a mai ko daddawa za su yi mata amfani kusan daidai. Dalili shi ne amfanin abu yana raguwa yayin da yake ƙaruwa, kamar yadda ludayin farko na fura ga mai ƙishirwa ya fi na goma daraja. Idan hatsi ya yi tsada, abu biyu ke faruwa da ita a lokaci guda. Na ɗaya, dawa da masara da garin rogo sun zama masu sauƙi in an gwada su da hatsi, sai ta karkata gare su, kuma wannan karkata ce ke sa kuɗinsu ya bi na hatsi ba da jimawa ba. Na biyu, kuɗin hannunta ya rage ƙarfi, tamkar an zare mata wani abu daga ciki, sai ta janye daga nama da mai da sabulu.

Nauyin wannan na biyu ya danganta da arzikin gida. Wani masanin ƙididdiga na Jamus, Ernst Engel, ya nuna tun 1857 cewa gwargwadon talaucin gida, gwargwadon girman kason da abinci ke ci a cikin abin da yake samu. Ma'aikacin da hatsi ke cin ɗan kaɗan daga albashinsa zai yi tsaki ya biya, amma gidan da mafi yawan samunsa ke tafiya a tiya, ninkawar farashi kusan raba samunsa biyu ce. A irin wannan gida nakan ga abin da ke ba ɗalibai mamaki: hatsi ya yi tsada, amma kason kuɗin da ke tafiya gare shi sai ƙaruwa yake, domin an bar duk wani abin marmari an tattara a kan abin da ke riƙe ciki, ana ƙara ruwa a fura, ana cikawa da zogale da tafasa.

Wani abin lura, mutanen birni da yawa sun koma shinkafa da taliya ko a lokacin da kilonsu ya fi na hatsi kuɗi, kuma wasu na ganin almubazzaranci ne. Ni ban gan shi haka ba. Hatsi sai an surfa, an wanke, an kai niƙa, an ƙona itace mai yawa, kuma matar da ke da sana'a lokacinta kuɗi ne. Tsadar abu ga mai shi ta haɗa da duk abin da ya rasa kafin abin ya shiga baki.

Ƙayyade farashi

An ruwaito daga Anas cewa kaya sun yi tsada a Madina, mutane suka roƙi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanka musu farashi, bai yi ba, ya ce Allah ne mai sa farashi. Malamai sun yi bayani mai faɗi a kan wannan, har wasu suka ba hukuma damar sa baki in 'yan kasuwa sun haɗa kai suna cutar da jama'a, kuma wannan fage nasu ne. Abin da zan iya faɗa ta fuskar aikina shi ne, doka ba ta ƙara ko tiya guda a kan abin da ke ƙasa. In kasuwa ta tsaya a 800 aka ce dole a sayar 500, masu kaya za su janye daga fili, masu nema su ƙaru, ciniki ya koma zaure da dare a kan kuɗin da ya fi 800, domin yanzu har da ladan kasadar kamu.

Abin da ya fi aiki shi ne hukuma ta shigo da kaya a hannu. Wannan shi ne aikin OPVN, hukumar kayan abinci ta Nijar, wadda aka kafa a 1970: a sayi hatsi a ajiye, a fito da shi a farashi mai rahusa lokacin ƙunci. In an saya a kaka an tallafi kuɗin da manomi ke samu, in an fitar da damina an ƙara kawowa, har mai mangaza ya ji tsoron ci gaba da riƙo. Amfanin yana rataye ne a kan yawan kayan, da isowarsu a kan lokaci, da kuma ko sun kai ga mabuƙata ko sun zagaya sun koma hannun 'yan sari.

Abin da za ka iya yi

Tunda asararka ta fito ne daga rashin ikon jira, duk dabarar da za ta yi maka amfani dole ta zama wadda za ta sama maka kuɗin kaka ba tare da ka taɓa rumbu ba. Mafi kusa ita ce ka sa wani amfanin gona ya ɗauki nauyin hidima: wake, gyaɗa, riɗi ko aya, gwargwadon abin da ƙasarku ke karɓa. Su ma suna arha a kaka, amma ba su ne za ka dawo kana saye da tsada don ciyar da gida kullum ba. Wake yana da kasuwa mai faɗi, Nijar ce ta biyu a duniya wajen nomansa bayan Najeriya, kuma buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS yana kare shi daga ƙwari ba tare da magani ba, don haka ana iya riƙe wani kaso zuwa rani. In kuma dole sai an sayar da hatsi, a sayar da kaɗan-kaɗan gwargwadon buƙatar mako, kada a kwashe a rana guda.

Hanya ta biyu ta haɗin gwiwa ce. Akwai tsarin warantaji, wanda ya yaɗu a ƙasar nan tun ƙarshen shekarun 1990: ƙungiyar manoma ta tara amfaninta a mangaza mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannunta ɗaya a hannun asusun da zai ba da rance, a karɓi wani kaso na darajar kayan a yi hidima ko sana'ar rani, in an biya a buɗe a ɗauki kaya lokacin da suka yi daraja. Na ga garuruwan da ya yi wa rana, na kuma ga inda ya rushe saboda rancen ya iso a makare bayan mutane sun riga sun sayar, ko farashi bai tashi ba a shekarar alhali ga kuɗin ajiya da na rance. Yawancin irin wannan rance yana da ruwa, don haka ka tambayi malamai, ka kuma tambayi ko akwai tsarin da ba shi da shi. Bankin cimaka na gari da asusun mata irin na Mata Masu Dubara, wanda a jihar nan aka fara shi a 1991, su ma suna toshe ƙananan buƙatun da ke tilasta buɗe rumbu, kamar kuɗin magani ko na suna, muddin an sami riƙon amana da rubutu.

Akwai iyakar da shawarata ba ta wucewa. Ba zan iya gaya maka kuɗin tiya a damina mai zuwa ba, domin ya rataya a kan ruwa da naira da halin iyaka da tsaron hanya, kuma wanda duk ya yi maka alkawarin riba tabbatacciya a ajiya, ka yi hattara da shi. Sannan ban san girman gonarka da yawan bakin da kake ciyarwa ba. A kudancin jihar nan gonaki sun tsuke saboda yawan jama'a da rabon gado, kuma gidan da nomansa na wata shida ne zai shiga kasuwa da damina ko bai sayar da ko zangarniya ba. Shi abin da ya fi masa shi ne ya sayi cikon tun Nuwamba ko Disamba da kuɗin wake ko na akuya, kafin tiya ta fara hawa. Don ka san a wane rukuni kake, ƙirga damman da ka ɗaure bana, ka sussuka ɗaya ka auna tiya nawa ya bayar, ka raba jimillar da abin da ake aunawa a gidanka kullum. In lissafin ya kai ka sabon hatsi, abin da ya haura shi ne na sayarwa, in kuma ya tsaya a Mayu ko Yuni, ka san adadin tiyar da za ka nema da kuma watan da ya kamata ka fara nemanta.